Tsirkiyar hanjin tumaki: sana'ata da masu kiɗan Barok

Da na idar da sallar asuba nake buɗe shago, saboda hanjin da ya kwana a ruwan toka. In na makara wajen sauya masa ruwa, sai ya yi laushin da ba zai ƙara riƙe murɗi ba. Mu huɗu ne a wannan ɗan wurin aiki da ke arewacin Italiya, kuma abu ɗaya muke yi: tsirkiya ta hanjin tumaki, wadda ake ɗaura wa gogen Turawa, wato biyolin, da babban yayansa celo, da molonsu mai dogon wuya. Masu sayenta kusan duka makaɗa ne da suka duƙufa kan kiɗan zamanin Barok, na tsakanin 1600 da 1750, shekarar da Bach, shahararren makaɗin Jamus, ya rasu a Leipzig. Suna so su ji sautin da kunnen mutanen wancan lokaci ya ji, kuma a lokacin duk gogen Turawa da hanji yake magana.

Ni ɗan mahauta ne. Tun ban kai shekara goma ba nake wanke kayan ciki a bayan rumfar Baba, ban taɓa kawowa a rai cewa akwai murya a cikinsu ba. Gogen da na sani na wani maƙwabcinmu ne, tsirkiyarsa ta tsagiyar doki. Da na zo ƙasar nan, aikin da na fara samu a wata ma'aikata ne da ake barbaɗa wa hanji gishiri. Wani tsoho yakan zo duk mako, ya sa hannu cikin ganga, ya ja hanji tsakanin yatsu biyu, ya mai da yawancinsa. Wata rana na ware masa nawa zaɓin kafin ya iso. Ya duba, ya dube ni, ya ce wa ya koya mini. Na ce Babana. Shi tsohon, kakanninsa mutanen Salle ne, wani ƙauye a yankin Abruzzo da ya yi suna wajen fitar da masu wannan sana'a, waɗanda suka cika shagunan Roma da Napoli tun ɗaruruwan shekaru. Shekara biyu na yi a hannunsa ina kankara kawai, bai bar ni na taɓa keken murɗi ba.

Kankarar nan ita ce rabin aikin. Ƙaramin hanjin tunkiya ya fi mita 20 tsawo, amma abin da muke nema fata ce guda siririya a tsakiyarsa. Ana shimfiɗa shi a katako, a bi shi da tsagin gora a hankali har kitse da majina su fita, ya koma fari kamar zaren auduga da ya jiƙa. Daga nan sai kwanaki a ruwan toka, ana ƙara masa kaifi kaɗan-kaɗan. Sai a jera sili-sili, kan wannan a gindin wancan don kauri ya daidaita, a ɗaura a ƙugiya, a murɗa. Mafi sirantar tsirkiyar biyolin ba ta wuce kashi shida cikin goma na milimita da yawa ba, kuma magabata da hanjin 'yan raguna uku suke yin ta. A yi mata turaren farar wuta, a miƙe ta a firam ta bushe, ana ƙara murɗi yayin da take shan iska. Ƙarshe a goge ta da hannu, a shafa man zaitun. Kafin ta shiga takarda sai na riƙe ta da hannu biyu na ɗana da yatsa: in na ga layi biyu tsaf a iska, ta yi, in na ga na uku yana rawa a tsakiya, ta tafi kwandon shara. Akwai zanen wannan gwaji a littafin kiɗa na Mersenne, wani masanin Faransa, na 1636, kuma har yau ban ga abin da ya fi shi ba.

A nan ne raina ke ɓaci da masu kwaikwayo. Su murɗa ta sama-sama, su tura ta cikin injin da zai fiƙe ta ta yi santsi, su rubuta "aikin hannu" a jiki. Injin ya riga ya yanke zaren waje, kwana kaɗan sai ta fara gashi. Mai saye kuma ya zo mini da farashinsu a waya yana cewa in rage.

Da sannu na koyi cewa kowane irin kiɗa da tsirkiyar da yake so, domin kowanne da gidan da ya haife shi. Makaɗin Barok bara ne: ko na coci, ko na fada, ko na majalisar gari. Duk wanda ya san makaɗan fada a ƙasarmu zai gane zancen. A 1717, da Bach ya matsa sai an sallame shi daga fadar Weimar, sarkin ya sa aka tsare shi kusan wata guda. A Faransa, sarki Luwi na 14 yana da rukunin masu goge 24, kuma daga raye-rayen fada irin nasu aka sami jerin kiɗan da ake bi ɗaya bayan ɗaya, mai nauyi da mai sauri. Masu wannan suna son tsirkiya mai amsawa nan take. Opera kuwa, wato wasan kwaikwayo da ake yi da waƙa, a fada ta fara, kamar Orfeo ta Monteverdi a Mantua a 1607, amma a 1637 aka buɗe gidan San Cassiano a Venis inda duk mai kuɗin tikiti zai shiga. Makaɗan opera tsirkiya mai kauri suke nema a wurina, wadda za ta tsaya a bayan muryar mawaƙi ba ta nutse ba. Masu bin Corelli na Roma, da konceto ɗinsa inda goge biyu da celo ke zance da sauran taro, su ma kauri suke so. Vivaldi ya fara koyarwa a 1703 a gidan marayun Pietà na Venis, 'yan mata na kiɗa a bayan shinge, jama'a na sauraro daga ƙasa. Nakan tuna da su in ina murɗa siririyar, domin ita ce ta fi tsinkewa, kuma na san wani mai irin hannuna ne ya riƙa kai musu.

Wanda ya fi ba ni wuya, kuma na fi so, shi ne Biber na Salzburg. Yana da sonata, wato kiɗan goge, guda 15 na addu'ar Kiristoci, kowace da irin ɗaurin tsirkiyarta; a ta 11 har sai an gicciya tsirkiyoyi biyu na tsakiya. Wata baiwar Allah ta zo za ta kaɗa su duka da goge uku. Muka zauna da takarda muna lissafin kaurin kowace tsirkiya da yawan jan da za ta ɗauka. Ana cikin aikin mai kawo mini hanji ya aiko da ganga biyu da aka daskarar, alhali mun yi da shi sabo zai kawo. Ƙanƙara tana fasa zaren daga ciki, ido ba ya gani, sai an ja ta kan goge. Na zubar da su gaba ɗaya, na tuƙa mota da dare zuwa wata mayanka a kan duwatsu, na tsaya da kaina aka fiɗe. Ranar da ta ɗaura su ta ja baka a shagon nan, yaran duka suka ajiye aiki. Sautin yana da ɗan kaushi a farkonsa, kamar numfashin da mutum ke ja kafin ya furta kalma, abin da tsirkiyar ƙarfe, wadda ta fara mamaye kasuwa a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba ta da shi.

Muna kuma yin mai naɗin azurfa, dabarar da ta bayyana wajen 1660 ta ba da damar rage girman babban goge mai kaurin murya har celo ya fito a Bologna. Ita sai an yi oda, kuma tana cin mako shida. Mai so ya faɗa mana tsawon gogensa, da tsayin sautin da yake ɗaurawa a kai, ko 415 ko 440. Da damina a ƙara mana mako guda, saboda ba ma busarwa da wuta.