Yadda yabo ke horar da idon mai duba jini

Aikina shi ne koyar da ɗalibai duba jini a wani ɗakin gwaje-gwaje da ke cikin birnin Katsina, kuma abin da muka fi nema shi ne ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro, musamman nau'in Plasmodium falciparum da ya fi addabar ƙasar nan. Idan aka shafa jini a gilashi, aka rina shi da Giemsa, aka ɗiga mai aka sa shi ƙarƙashin na'urar hangen ƙwayoyin cuta, ƙwayar kan bayyana kamar ɗan zobe shuɗi mai ɗigon ja a gefe. Al'adar koyarwa da na tarar ita ce, duk ɗalibin da ya gano wannan zobe sai malami ya leƙa ya ce masa madalla, 'yan uwansa kuma su yi layi su gani. Wanda kuwa ya duba gilashi tsaf ya ce babu komai, ko da gaskiyarsa, ba mai tanka masa.

Da tafiya ta yi nisa sai na lura idon ɗalibai ya soma maƙalewa a kan duk wani ɗigo mai ja-ja, ko da dattin rini ne, ko ƙananan ƙwayoyin nan masu daskarar da jini da suka hau kan jar ƙwayar jini. Wata ɗaliba mai natsuwa ta ɗago kai daga na'ura ta ce mini, "Malam, wallahi na san ba ita ba ce, amma can idona yake komawa." Maganarta ce ta sa na shiga neman abin da masana suka gano a kan wannan hali.

A 2011 Brian Anderson da Patryk Laurent da Steven Yantis na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka sun sa mutane neman da'ira ja ko koriya a allon kwamfuta, inda launi ɗaya yakan kawo musu ladan senti 5, ɗayan kuma senti 1. Daga baya aka janye kuɗin, aka ce su nemi siffar da ta fita daban, launi ba shi da sauran amfani. Duk da haka, da zarar launin nan mai kawo lada mai tsoka ya bayyana a gefe sai amsarsu ta yi jinkiri, domin ya riga ya fizge musu hankali. Binciken da Anderson da Yantis suka fitar a 2013 ya nuna cewa wannan tasiri yana nan bayan fiye da wata shida. Tushensa yana da alaƙa da dofamin, wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke fitarwa: Wolfram Schultz da abokan aikinsa sun bayyana a 1997 cewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwar biri masu fitar da shi suna motsawa da farko idan lada ta zo, amma bayan koyo sai motsin ya koma kan alamar da ke nuna lada na tafe. A ɗakinmu madallar malami ita ce ladar, ɗigon ja kuma shi ne alamar.

Don haka na sauya tsarin horon. Na cakuɗa gilasan da na tabbatar babu ƙwaya a cikinsu da masu ita, ba tare da ɗalibi ya san yawan kowanne ba, kuma wanda ya duba aƙalla filaye 100, wato wuraren da ido ke gani ɗaya bayan ɗaya ta cikin na'ura, a kan jinin da aka shafa da kauri a gilashi, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, sannan ya ce babu kuma ya dace, ina yaba masa a gaban kowa daidai da wanda ya gano. Na kuma hana a kira ni saboda ɗigo kawai; dole ɗalibi ya nuna mini jan ɗigon da shuɗin jikinsa tare. Hukuncina nakan faɗa nan take, domin gyaran da ya kwana ba ya kama ido kamar wanda aka yi gilashin na kan na'ura.

Rani kuma da tasa matsalar. Jeremy Wolfe da abokan aikinsa sun nuna a 2005 cewa idan abin nema yana cikin rabin hotuna, kashi 7 cikin ɗari kawai ake tsallakewa, amma idan ya koma ɗaya cikin ɗari sai kuskuren ya kai kashi 30. Mai duba jini da ya saba da yawan ƙwaya a watannin Agusta da Satumba yakan soma saurin cewa babu idan ta yi ƙaranci, shi ya sa nake ajiye gilasan damina masu ƙwaya kaɗan ina sako su cikin aikin ɗalibai a watan Maris.

Abin da ya sa na damu da wannan shi ne yaron da ke jiran sakamako a hannun mahaifiyarsa. Idan aka rubuta masa zazzaɓin cizon sauro alhali ba shi ba ne, za a ba shi magani a sallame shi, ciwon huhu ko sanƙarau da ke jikinsa kuma ya ci gaba da cinsa a gida.