Sakandaren Unguwa a Bakin Teku da Nisan Makarantun 'Ya'yanmu Mata

Duk wanda yake da dangi a unguwannin bayan garin Legas da ke gaɓar teku, irin su Ajah da Badagry, ya san cewa akasarin sakandaren gwamnati a can ta jeka-ka-dawo ce, kuma maza da mata aji ɗaya suke zama. Da zarar an kawo wannan zance a majalisa a nan Kano, sai hira ta tsaya a kan cakuɗa, alhali kuwa akwai abin da ya fi dacewa mu duba a tsarin, wato kusancin makaranta da gidajen ɗalibanta.

Wannan kusanci yana da tarihi. Lokacin da Alhaji Lateef Jakande ya mulki Jihar Legas, daga 1979 zuwa 1983, ya tarar da makarantu suna karatu rukuni-rukuni, wasu yara da safe wasu da rana, saboda ƙarancin azuzuwa. Sai ya soke tsarin, ya mayar da ilimi kyauta, ya kuma giggina azuzuwa masu sauƙin kuɗi a cikin unguwanni. An soki gine-ginen da rashin kyan gani, amma ɗan mai kamun kifi da 'yar mai sayar da kayan miya sun samu kujera kusa da gida. A wurin da fili yake da tsada, ruwa kuma ya ci wani babban ɓangare na ƙasar, gina makaranta ɗaya ga kowa ya fi sauƙi a kan gina biyu.

Tsarin yana da nasa ƙalubale, musamman ga iyaye Musulmi. An shafe shekaru ana shari'a kan sanya hijabi a makarantun gwamnatin Legas: babbar kotun jiha ta goyi bayan hanin a 2014, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2016, sannan Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata wannan haƙƙi a 2022.

Mu a Kano mun zaɓi raba maza da mata a sakandaren jiha, kuma ina goyon bayan hakan da zuciya ɗaya, domin shi ne ya kwantar wa iyaye da yawa hankali har suka bar 'ya'yansu mata suka wuce firamare. Makarantun Rumfa da Dala da Shekara sun yaye mutanen da ake alfahari da su. Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Kano ma, wadda take haɗe, tana da iyayen da suka gamsu da ita. Sai dai rabuwar tana ɗora wa gwamnati nauyi ninki biyu, tunda kowace unguwa tana buƙatar makarantu biyu, kuma a nan ne aka bar mu a baya.

Birnin ya faɗaɗa ta wajen Rijiyar Zaki da Ɗorayi da Sheka da Rimin Kebe, gidaje suna tsirowa kullum, amma makarantu ba su bi su da irin wannan saurin ba. Yaro namiji zai iya taka sayyada ko ya hau keke. Yarinya kuwa sai an tanadi kuɗin adaidaita sahu na zuwa da dawowa, kuma ranar da babu kuɗin, babu makaranta. Idan irin ranakun suka yawaita, sai a fara zancen talla ko aure. Motocin da gwamnati ta ware wa ɗalibai mata sun rage raɗaɗi, amma mota ba ta shiga kowane lungu, kuma tana cin mai da gyara.

Tunda gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a 2024, abin da nake roƙo shi ne a wajabta ware filin sakandaren 'yan mata a duk sabuwar unguwar da za a yanka, kafin a sayar da fulotin farko, a kuma hana kowa mayar da filin shaguna.