Gocewar ƙashin kwatangwalo ga jarirai da dalilin duba shi tun a ɗakin haihuwa

Daga cikin abubuwan da ya kamata likita ko ungozoma su duba kafin a sallami mai jego akwai gaɓar kwatangwalon jariri, wato inda kan ƙashin cinya yake zama a cikin gurbinsa. Ana haihuwar wasu jarirai gurbin bai yi zurfi ba, don haka ƙashin yakan zame ya fita, kuma abin da yake ɓoye lalurar shi ne ba ta sa jariri jin zafi, balle ya yi kukan da zai jawo hankalin uwa. Ta fi samun 'ya'ya mata da 'yan fari da waɗanda suka zo ta gindi da kuma masu irinta a dangi, kuma ta fi kama ɓangaren hagu.

Gwajin farko da hannu ake yin sa. Akan kwantar da jariri rigingine, a lanƙwashe gwiwoyinsa, sannan a buɗe cinyoyin a hankali. Idan ƙashin ya riga ya goce, mai dubawa zai ji a yatsunsa lokacin da ya faɗa gurbinsa. Wani likitan yara ɗan Italiya, Marino Ortolani, ya bayyana wannan hanya a 1937, sannan a 1962 Thomas Barlow na Ingila ya ƙara da gwajin da ake danna cinyar baya don a ga ko za ta fita. Idan an yi shakka, sikanin ake yi, domin a watannin farko kan ƙashin guringuntsi ne, hoton ƙashi ba ya nuna shi.

Idan aka gano da wuri, maganin wani maɗauri ne mai laushi da ake kira Pavlik, wanda yake riƙe ƙafafun jariri a lanƙwashe kuma a buɗe kamar na kwaɗo, na tsawon mako 6 zuwa 12, har gurbin ya yi zurfi da kansa. Yawancin jarirai suna warkewa da wannan kaɗai, amma dole likita ya riƙa duba shi, saboda matse shi fiye da ƙima yana iya hana jini isa kan ƙashin.

A nan iyayenmu mata suka cancanci yabo, domin goyo yana ajiye ƙafafun yaro kusan yadda wannan maɗauri yake yi, kuma masu bincike suna danganta ƙarancin lalurar a Afirka da shi. A Japan, inda aka saba naɗe jarirai ƙafafu a miƙe, lalurar ta ragu ƙwarai bayan an yi gangamin hana hakan a shekarun 1970. Shi ya sa ba na jin daɗin yayin naɗe jariri tamau cikin shawul da ake gani a intanet.

Sai dai goyo ba ya mayar da ƙashin da ya riga ya fita. Irin wannan yaro ba a lura da shi sai ya fara tafiya yana ɗingishi, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta, sai a ce shan-inna ce, ko a kai shi wurin mai ɗori, alhali ba karaya ba ce. Uwar da ta ga cinya ɗaya ba ta buɗewa kamar 'yar'uwarta wajen wanka ko sauya ƙunzugu, ta nemi likitan ƙashi, irin na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, domin idan yaro ya wuce wata 6 da haihuwa sai an sa masa maganin barci an mayar da ƙashin an ɗaure shi da filasta, bayan wata 18 kuwa galibi sai an yi tiyata.