Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Asabar ɗin Tsofaffin St. Paul

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya inda na samu aiki a gidan kula da tsofaffi a birnin St. Paul na jihar Minnesota, bayan na gama kwas ɗin taimaka wa masu jinya. Mutane da yawa kan tambaye ni yadda na saba da waɗannan bayin Allah, ga addini ba ɗaya ba, ga harshe ba ɗaya ba, kuma kowannensu ya haifi uwata. Rediyo ne ya haɗa mu.

Sababbin ma'aikata ake jibga wa aikin ƙarshen mako, don haka yammacin Asabar ya zama nawa. Ƙarfe biyar ake zuba musu abincin dare, kuma ƙarfe biyar ɗin ne gidan rediyon MPR yake sako wani shiri mai suna A Prairie Home Companion, awa biyu cur, kai tsaye daga dandamali a gaban jama'a. Da hunturu rana kan faɗi tun wajen huɗu da rabi, sai in yi magariba a ɗakin ajiye zannuwan gado, in fito in tarar an jera kekunansu kusa da akwatin rediyon da ke kan kanta. Akwai wani dattijo, tsohon manomi, jikan mutanen Nowe, hannayensa duk kanta. Idan wani ya kuskura ya yi magana bayan an fara, cokali yake ɗauka ya buga wa kofi sau ɗaya, ɗakin ya yi tsit. Ko ma'aikaciyar da ke raba magani sai ta rage murya.

Mai shirin sunansa Garrison Keillor, dogon mutum mai jan takalmi, ɗan garin Anoka. Ya fara shi ranar 6 ga Yuli, 1974, a zauren kwalejin Macalester, mutum 12 ne kawai suka zo kallo. Daga 1980 aka fara watsa shi a duk faɗin Amurka, har ya kai masu sauraro kusan miliyan 4 a mako, kuma gidan shirin na dindindin a wancan lokacin shi ne gidan wasa na Fitzgerald da ke tsakiyar St. Paul. A cikin shirin akwai kiɗa da waƙe-waƙen ƙauye da na coci, akwai gajerun wasannin barkwanci na wani ɗan leƙen asiri da kullum aljihunsa a bushe, akwai tallace-tallacen ƙarya na biskit ɗin da wai yake ba masu kunya ƙarfin hali. Akwai kuma mai kwaikwayon sauti da baki da tarkace: ƙarar ƙofa, haushin kare, takun doki. Tom Keith ne ya daɗe yana yi, ya rasu a 2011, kuma tsofaffin nan suna ambatonsa har lokacin kamar ɗan uwansu.

Amma abin da kowa ke jira shi ne wajen ƙarshe, inda kiɗa zai tsaya, Keillor ya shiga ba da labarin wani ƙauye da babu shi a taswira, Lake Wobegon. Ƙauyen 'yan cocin Lutheran da Katolika ne, masu kawaici, masu ƙin yabon kai, masu kamun kifi a kan ƙanƙara. Muryarsa a hankali take, har numfashinsa ana ji. Da farko ban kama rabin abin da ake dariya a kai ba, Turancina bai kai ba. Fuskokinsu nake kallo. Na san irin wannan zaman tun ina yarinya a Zariya, lokacin da Baba ke ɗora rediyo a kan tabarma ana sauraron Samanja a Rediyon Kaduna, mu yara muna laɓe bakin zaure, shi kuma yana dariya har hularsa ta zame.

Wata tsohuwar malamar firamare ce ta zama mai fassara mini. Bakina ya kasa kiran sunanta gatsal yadda suke yi a can, sai na roƙe ta in riƙa ce mata Kaka, ta yarda da murna. Ina gyara mata matashi tana bayyana mini: wannan fasto da ake ba'a da shi, irinsa ne ya ɗaura mata aure, wannan matar da ke kai tukunyar abinci gidan makoki sannan ta tsaya lura ko an cinye, uwarta ce sak. Garin da Kaka ta taso an rufe makarantarsa, an rufe shagonsa, matasa sun watse birni. Wata rana ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, garinmu ya mutu, amma duk Asabar wannan mutumin yana buɗe mini shi." A nan na gane abin da suke nema a rediyon nan. Mahaifarsu suke ziyarta, tunda ƙafa ta daina kai su.

Ba kowa ne ya so shirin ba. Abokiyar aikina 'yar Somaliya, wadda ta girma a Minneapolis, takan murguɗa baki ta ce a ƙauyen nan nasa babu mai kama da mu ko ɗaya, alhali jihar cike take da Somalawa da mutanen Hmong. Tana da gaskiya, ban ƙi ba. Jikokin da ke zuwa ziyara su kuma cewa suke waƙar mutumin tana sa su barci. Manomin nan ya taɓa korar jikansa daga ɗakin cin abinci saboda wannan maganar.

A 2016 Keillor ya ajiye aiki yana da shekara 73. Shirinsa na ƙarshe a Hollywood Bowl aka yi, a Kalifoniya, gaban mutum kusan 18,000, har shugaba Obama ya bugo waya. Ranar da aka sa shi, 2 ga Yuli, Kaka ta sa an shafa mata jan baki, ta sa sarƙar da ba ta sawa sai ranar coci. Wasu sun yi kuka. Manomin bai yi ba, cewa ya yi ai a 1987 ma ya yi sallama ya tafi, bayan shekara biyu ya dawo, don haka kowa ya kwantar da hankalinsa. Bai dawo ba. A watan Oktoba wani matashi, Chris Thile, gwanin kaɗa mandolin, ya karɓi shirin. Kiɗa ya ƙaru, labarin ƙauye ya tafi da mai shi. Kaka ta ce yaron yana da ladabi kuma hannunsa na da albarka, a ba shi lokaci. Manomin ya saurari makonni kaɗan, daga nan ya ce a mayar da shi ɗakinsa. Ya koma jiran maimaicin tsofaffin shirye-shirye da gidan rediyon ke sakawa.

Ranar 29 ga Nuwamba, 2017, MPR ta sanar da cewa ta yanke hulɗa da Keillor saboda zargin rashin ɗa'a ga wata da ta yi aiki da shi. Shi ya musanta, ya ce abin bai kai yadda ake faɗa ba. Aka daina maimaita tsofaffin shirye-shiryen, aka sauke su daga intanet, a watan Disamba aka canza wa shirin suna zuwa Live from Here. A Janairun 2018 gidan ya ƙara bayani cewa koken ya ƙunshi abubuwa da yawa cikin shekaru.

Ban taɓa ganin ɗakin cin abincin nan ya rabu biyu kamar wannan lokacin ba. Shi MPR da gudummawar masu sauraro yake tafiya, kuma yawancin tsofaffin nan sun shekara da shekaru suna biyan ɗan abin da suka iya duk wata, shi ya sa suke jin da haƙƙinsu a ciki. Manomin ya kira 'yarsa a gabana, hannunsa na rawa, ya ce ta dakatar da nasa kuɗin yau ɗin nan, ba a yi wa mutum haka bayan shekara 42. Wata tsohuwa ta fara zagin matar da ta kai ƙara. Kaka, wadda ta fi kowa son shirin, ta ajiye cokalinta ta ce, "Na yi aiki ƙarƙashin maza shekara talatin. Ba ku san abin da mace ke haɗiyewa kafin ta buɗe baki ba. Kada wanda ya sake zaginta a teburin nan." Da dare ina cire mata safa na ga hawaye na bin kuncinta. Ta ce tana kewar muryarsa, kuma tana jin kunyar kewar.

Na ce mata, "Kaka, garinku ne kike kewa, kuma ba shi ya ba ki shi ba." Har yau a kan haka nake. Ban ga abin da ya faru tsakaninsu ba, Allah ne masani, amma ban yarda a ci mutuncin mace don ta kai kuka ba, kuma ban yarda a ce wa tsohuwa mai shekara tamanin da ɗoriya ta tuba daga dariyar da ta yi da mijinta a kicin ba. Da na koma gida na ba maigida labari, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce in kai wa Kaka ɗan dambun naman da aka aiko mana daga gida. Ta ci, ta ce yaji ya yi yawa, ta kuma miƙo hannu.

A 2018 ɓangarorin biyu suka daidaita, tsofaffin shirye-shiryen suka dawo intanet. 'Yar manomin ta kawo masa kwamfutar hannu, ni nake kunna masa duk Asabar ƙarfe biyar daidai, don ya ƙi sauraro a wani lokacin daban. Kaka ta ci gaba da bin shirin matashin a ɗakin cin abinci tare da mutum uku ko huɗu, har watan Yunin 2020 da aka soke shi gaba ɗaya saboda matsin kuɗin da korona ta jawo. Lokacin kuwa an riga an rufe ɗakin cin abincin, an hana 'ya'ya da jikoki shigowa, mu kaɗai ke shiga ɗakunansu da takunkumi. Abin da idona ya gani a waɗancan watanni shi zan fara ba ku mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.