Ranar da Na Ƙi Cewa Na Yarda

Mu tara ne a kwamitin, kuma tun kafin mu zauna kowa ya riga ya yanke hukunci a zuciyarsa. Kaya sun yi ɓatan dabo a siton ma'aikatarmu, zargi kuma ya faɗa kan matashin da ke riƙe da makulli, wanda bai cika shekara biyu da fara aiki ba. Shugaban kwamiti ya karanta rahoto, ya kawo shawarar a sallame shi, aka fara zagayawa ɗaya bayan ɗaya. Na yarda, na yarda, na yarda. Ni ne na bakwai.

Ana gobe za a zauna na ɗauki littafin shige da fice na sito na bi shi layi-layi. Sau uku kaya suka fita babu sa hannu, kuma biyu daga cikin ranakun yaron yana hutu, takardar hutunsa ma tana cikin fayil. Da idona na gani. Amma da na ji mutum shida sun amsa, cikinsu har da waɗanda suka koya mini aiki, sai na fara tuhumar idona. Ko kwanan watan na rikita? Ko akwai abin da suka sani ni ban sani ba? Tafin hannuna ya jiƙe da gumi. Abin da ya fi tsaya mini a rai har yau shi ne, babu wanda ya tsorata ni, babu wanda ya ko harare ni. Yawansu kawai ya kusa sa in ƙaryata abin da na karanta.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini haƙuri, ni ban gamsu ba. Ina roƙon a buɗe littafin sito a haɗa shi da takardar hutu." Ɗakin ya yi tsit. Can sai mace ɗaya tilo da ke cikinmu, wadda ta riga ta ce ta yarda, ta ɗago kai ta ce ita ma tun farko lissafin bai kwanta mata ba. Na takwas ya ce a ɗaga zaman. Aka ɗaga. Bincike na biyu ya nuna akwai wani makulli da aka manta an taɓa yankawa, yaron ya tsira da aikinsa da mutuncinsa.

Daga baya na karanta gwajin da Solomon Asch, masanin halayyar ɗan Adam, ya fara a Amurka a 1951, sai na ga kamar ɗakinmu ya leƙa. Ana nuna wa mutane layi ɗaya a kati, a ce su zaɓi wanda ya yi daidai da tsawonsa cikin wasu layuka uku. Aiki ne mai sauƙi, wanda idan mutum shi kaɗai ne kuskurensa ba ya kai kashi 1 cikin 100. Amma da aka haɗa baki da sauran mutanen ɗakin su ba da amsar ƙarya da gangan, kusan kashi 75 cikin 100 na waɗanda aka gwada sun bi yarima sun sha kiɗa aƙalla sau ɗaya. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne inda Asch ya sa mutum ɗaya tak ya saɓa wa taron. Nan take bin jama'a ya faɗo zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yadda yake. Ko da mai saɓawar shi ma amsarsa ba daidai ba ce, fitowarsa kaɗai tana kwance bakin na kusa da shi. Abin da ya faru da abokiyar aikina ke nan. Ta riga ni ganin matsalar, abokin magana ta rasa.

Sai dai ban fita lafiya ba, kuma wani ɓangaren laifina ne. Wasu sun daina amsa gaisuwata da sakin fuska, na zama saniyar ware na 'yan watanni. Maimakon in yi haƙuri, sai na ce wa wani dattijo a gaban mutane su 'yan amshi ne. Wannan kalma ta rufe mini kunnensa na tsawon lokaci, ko gaskiya na kawo ba ya saurare. Nakan tuna Ignaz Semmelweis, likitan nan ɗan Hungari da ya tilasta wa likitoci wanke hannu da ruwan kulorin a sashen haihuwa na babban asibitin Biyana, babban birnin ƙasar Ostiriya, a 1847. Mutuwar masu jego ta sauko daga kashi 18 cikin 100 a watan Afrilu zuwa ƙasa da kashi 3 cikin 'yan watanni. Gaskiya na hannunsa, amma manyan likitoci suka ƙi shi, shi kuma ya riƙa rubuta musu wasiƙu yana kiransu masu kisan kai. Ya rasu a 1865 a gidan masu taɓin hankali, duniya ba ta karɓi maganarsa ba sai bayan ransa. Alhakin yana wuyan waɗanda suka ƙi duba hujjarsa. Duk da haka ina yawan tunanin mata nawa za su rayu da an samu harshen da zai shiga kunnensu da wuri.

Akwai kuma lokacin da na saɓa wa kowa alhali ni ne ba ni da gaskiya. An kawo shawarar mayar da lissafin sito cikin kwamfuta, na tsaya kai da fata na ƙi. Da na zauna na binciki kaina, sai na tarar ba ni da hujja ko ɗaya, daɗin sunan mai faɗin gaskiya ne ya fara ɗibata. A zama na gaba na miƙe na janye maganata, kuma hakan ya fi mini wuya fiye da ranar farko.

Yanzu ni ke jagorantar wannan kwamiti. Kafin a buɗe baki, kowa yana rubuta ra'ayinsa a takarda ya naɗe, sannan a fara jin ta bakin mafi ƙanƙanta a muƙami, ni in zo ƙarshe. A zamanmu na watan jiya takardu uku cikin tara sun saɓa wa abin da na shigo da shi, ɗaya kuma rubutun hannun yaron nan mai makulli ne.