Ledar magungunan Inna

Har yau idan na ga ƙwayar diclofenac, maganin rage ciwon jiki, sai gabana ya faɗi, domin da hannuna na riƙa sayo wa Inna ita.

Shekarunta 71, tana fama da hawan jini da ciwon suga, ga gwiwoyi da suka sa sai a kujera take sallah. Ranar ganin likitan hawan jini daban, ta likitan suga daban. Na hawan jini ya rubuta lisinopril da maganin sa fitsari, na suga ya rubuta metformin. Gwiwa kuwa cewa muka yi tsufa ne, ba ciwon kai wa likita ba. Na je kemis ɗin unguwa aka ba ni diclofenac. Washegari ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan, jiya na samu barci." Wa zai ji wannan ya fasa? Wata biyar ina sayowa.

Sai ƙafafunta suka kumbura, silifas ya daina shiga, jinin kuma ya ƙi sauka har aka ƙara mata magani. Wata likita ce ta dube ni ta ce, "Malam, ban da waɗannan me kuma Hajiya take sha?" Na ce ba komai, sai ɗan maganin gwiwa. Ta ajiye biro.

Ashe diclofenac da ɗan'uwansa ibuprofen suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, suna kuma tayar da hawan jini. Idan suka haɗu da lisinopril da maganin sa fitsari a jikin tsohuwar da suga ya riga ya raunana wa ƙoda, ɓarna ce babba. Awon creatinine, wato gwajin jini na duba aikin ƙoda, ya nuna ƙodar ta taɓu. Ita metformin ta ƙoda take fita, dole aka rage ta. Alhamdu lillahi ba mu kai ga wankin ƙoda ba, amma ƙodar ba ta koma yadda take ba, kuma wannan yana ci mini rai.

Ku da ke jinyar iyaye, don Allah ku tattara komai a leda ɗaya, na asibiti, na kemis, har jiƙon da maƙwabciya ta kawo, ku zazzage a teburin kowane likita. Ku kuma nemi a riƙa yin awon ƙoda. Yanzu Inna paracetamol take sha da gashin ruwan ɗumi. Gwiwar tana damunta, wani daren ina jin nishinta daga ɗakina, amma ban ƙara taka kemis ɗin nan ba tare da takardar likita ba.