Godiya bayan rufe ajin zane da sana'ar hannu a Argungu

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, ranar Asabar muka rufe ajin zane da sana'ar hannu da muka yi sati uku muna yi a unguwarmu nan Argungu. Sai yau na samu zama in yi godiya.

Da iyayenmu mata zan fara. Ranar da na je roƙon Inna, wadda duk unguwa ba mai kama ƙafarta a saƙar faifai, cewa ta yi: "Ɗiyata, wa ke ta kaba yanzu, roba ta cika kasuwa?" Amma ta zo, kuma ko fashin rana ɗaya ba ta yi ba. Da idona na ga ta riƙe yatsun wata 'yar shekara bakwai tana nuna mata inda za ta soka basilla, har zagayen farko ya kamu. Inna, Allah shi ƙara lafiya da nisan kwana.

Malam da ya koyar da zayyana, ya fiƙe wa kowane yaro alƙalamin gamba da hannunsa, ya ƙi karɓar ko kwabo, Allah shi saka da Aljanna.

A sati na biyu ruwan dare ya narkar mana da tukwanen da yara suka gina, ba a kai ga gasa su ba. Sun sha kuka, ni ma sai da na share hawaye. Washegari kafin hantsi samarin unguwa sun turo kura biyu na yumɓu daga fadama, ba wanda ya aike su. Ƙannena, ba zan manta ba.

Na gode wa ma'aikatan Gidan Tarihi na Kanta da suka zaga da mu. Yawancin yaran ba su san a 1831 aka yi ginin ba, kuma nan sarakunan Kabi suka zauna har 1942. Da muka dawo wani yaro ya zana masunci kwance bisa gora a kogin Matan Fada. Kakansa, tsohon masunci, ya duba ya ce ba haka ake riƙe homa ba. Ya karɓi fensir ya gyara, daga ranar kuma ya zama ɗan aji.

Mai gidan da ya ba mu aron zaure, da iyayen da suka yarda mana da 'ya'yansu, Allah shi bar zumunci.

Tukwanen sun gasu, suna nan zaure tare da faya-fayan. Iyaye a zo a ɗauka kafin Juma'a, kowanne da sunan mai shi a gindi.